Tabarmar Gwaggo Tasalla a Hanyar Ɗa'ifa

Ni ba mai haƙuri ba ce. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka labarin wata salihar baiwar Allah zai karanta. Sunana Hansatu, daga Tudun Wadan Zariya. Na gama sakandaren 'yan mata, na iya buga tafireta, na iya Turanci daidai gwargwado, kuma an ce mini a Jidda ana neman irina ido rufe. Wanda ya faɗa mini hakan, Alhaji Ɗanjummai, shi ya tare ni a filin jirgi, ya karɓi fasfona wai za a yi mini iƙama, wato takardar zama. Daga ranar ban sake ganin fasfon ba, balle iƙamar. Ofishin da aka yi mini alkawari kuwa, sai ga shi ya zama bayan gidan wani attajiri a unguwar Sharafiyya, ni da bahon wanki.

Ban daɗe a gidan ba. Ranar da uwar gidan ta jefe ni da jiƙaƙƙen tawul, na ɗauka na mayar mata da abinta, na ja akwatina na fita. Ban san inda za ni ba. Na dai ji an ce a Bab Makka ake samun mutanenmu, sai na yi ta tambaya har na isa.

Kasuwa ce mai cunkoso, atamfa da abinci da hayaniya. Na ajiye akwati a rana na zauna a kai, ina jin haushin kowa. Can sai na ji an ce da Hausa tsantsa:

"Ke 'yar nan, akwatin nan kujera ce ko gida?"

Wata tsohuwa ce zaune kan tabarmar kaba, irin tamu mai ratsin ja da kore, ta baje goro da dafaffiyar gyaɗa a gabanta.

Na ce, "Gida ne."

Ta ce, "To ɗauko gidan naki ki matso inuwa."

Ita ce Gwaggo Tasalla. Ba mu haɗa dangi ba. Mutuniyar wani ƙauye ce a bakin gulbi wajen Wudil. Sun zo aikin Hajji da mijinta, ya rasu a Mina, ita kuma ta ƙi komawa, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai cikin Larabawa ba. Ƙafafunta a kumbure suke, gwiwoyinta sun ƙi ta, ko tashi tsaye sai ta dafa bango. Ta raba ɗakinta biyu da ni, ta raba tuwonta, ba ta taɓa tambayata me ya fito da ni ba. Sunan da ta raɗa mini shi ne 'Yar Boko.

Manomiya ce, kuma ta san sama kamar yadda na san allon makaranta. Kullum da safe sai ta leƙa gabas, ta ja tsaki. "Sararin garin nan kamar kwanon da aka suɗe. Ba abin karantawa." Ni abin da ya fi damuna a Jidda shi ne rashin ƙarar daka. Sai gari ya waye, babu turmi ko ɗaya da ke magana. Nakan kwanta ina jiran sa kamar wawiya.

Da kaka ta kama, lokacin da a gida ake shirin yankan dawa, sai garin ya canza hali. Iska ta yi nauyi, ta manne wa mutum a jiki. Ta busa daga teku da safe, da rana ta juya. Wani lokaci a yi yayyafi, kafin ka kwashe shanya ya ɗauke. Da yamma kuma, can gabas inda duwatsu suke, sai a ga walƙiya tana ta wasa babu ƙara ko kaɗan. Gwaggo ta ce wannan shirme ne kawai. "Damina ta wuce. Ko a ina kake a duniya, kaka kaka ce."

A wannan tsakanin ne wata maƙwabciyarmu, cikin Hausawan Sudan, ta samo mini aiki. Wani gida ne a Ɗa'ifa, can saman duwatsu, suna son wadda za ta koya wa 'ya'yansu mata Turanci. Na amsa tun kafin ta rufe baki. Matsalar ɗaya ce: ba ni da takarda, kwalta kuma akwai shingen 'yan sanda. Aka ce akwai wani direba, Bakur, haifaffen Jidda amma jikan Hausawa, wanda ya san hanyar ƙasa.

Ina haɗa kaya, sai na ga Gwaggo tana naɗe tabarmarta.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Rakiya."

"Gwaggo, ƙafar nan taki ko bakin titi ba ta kai ki sai kin huta."

"Mota ce za ta yi tafiyar. Ba a kai budurwa gidan baƙi babu babba a gabanta. Sai na ga ɗakin da za ki kwana, na gaisa da masu gida, su san kina da mutane. In ba haka ba, wani tawul ɗin za su jefe ki da shi."

Na yi faɗa, na yi magiya. Ta ɗaure butarta a bakin zane, ta yi kamar da bango nake.

Bakur siriri ne, mai yawan duba agogo. Hausarsa rabi da rabi ce. "Yalla, ya Hajja, yalla, a yi sauri. Ke kuma ya bint, in mun ga mota, ki sunkuya." Motarsa akori-kura ce, mu uku muka matsu a gaba, akwatina a baya. Mun ɗan bi kwalta, sannan ya saki hanya ya yanki daji ta kudu da Makka.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Babu gona, babu rumbu, babu hayaƙin girki. Duwatsu baƙaƙe kamar an yi musu gobara, kowane yana leƙen bayan ɗan'uwansa. A samansu wani baƙin hadari ya zauna daram, kamar an ɗora tukunya a kan murhu. Mu kuwa rana ce a kanmu. Sau ɗaya yayyafi ya same mu, manyan ɗigo masu ɗumi, suka buga gilashi suka tsaya, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya fasa shigowa. Bayansa sai shiru.

Bayan azahar motar ta fara tururi. Bakur ya yi ta zagi da Larabci, sannan ya gangara da mu cikin wani busasshen rafi mai faɗi, gaɓoɓinsa dogaye, ƙasansa yashi fari tas. Ya tsaya a gindin gaɓa inda inuwa take, ya ɗauki jarka.

"Akwai rijiya nan gaba, cikin wadi, rafin nan. Zan ɗebo ruwa in dawo. Ku zauna nan. Kar ku hau sama, kun ji? 'Yan sintiri suna bi ta can. Suka gan ku, halas, shi ke nan, sai jirgin Najeriya."

Na nuna masa duwatsu. "Wancan hadarin fa?"

Ya ɗaga kai ya duba, ya ɗan jima yana dubawa. Sannan ya duba agogo. "Ba'id, ya bint. Nesa ne. Yanzu zan dawo." Ya bi rafin ya yi sama, wajen duwatsu, yana sauri har ya sha kwana.

Gwaggo kuwa tun da muka haɗu ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafafu cikin yashi, ta yi ajiyar zuciya. "Kai, kamar gida. Haka muke zama da rani, mu yi wanki, yara su yi ta birgima." Ta ɗauki murfin kwano ta fara tono. Ba ta kai gwiwar hannu ba sai yashi ya yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa. Ta yi dariya har da tafi. "Kin gani, 'Yar Boko? Rafi rafi ne ko a ƙasar wa. Ga ruwan alwala, wancan sakaran ya tafi neman rijiya."

Na ce, "Gwaggo, hadarin nan bai kwanta mini ba."

Ta kare ido da hannu ta karanta shi a tsanake. "Ba namu ba ne. Duba, ba ya tafiya. Iska ma daga yamma take, tana tura shi baya. A can zai zube kayansa. Ko ɗigo ba zai taɓa mu ba, in ya taɓa ki canza mini suna."

Zama ba ya yi mini. Na tashi ina zagaye. Abin da na fara lura da shi shi ne babu tsuntsu. Babu ƙuda ma. Sai na ga birai a kan wani dutse, manya masu furfura a kafaɗa, sun jeru a zaune. Ba mu suke kallo ba. Duk sun juya fuska wajen da Bakur ya bi.

A tsakiyar rafin akwai wata bishiyar ƙaya, ita kaɗai. Na je gindinta na ɗaga kai. Can sama, inda ko dogon namiji ya miƙa hannu ba zai kai ba, akwai mushen akuya a saƙale tsakanin rassa, ya bushe ƙayau, ƙafafu a sama. Kusa da shi tsumma, da takalmi ƙafa ɗaya.

Na kira Gwaggo. "Wa zai rataye akuya a can?"

Ta duba, ta kawar da kai da sauri. "Sauke hannunki. Ba a nuna irin wannan da yatsa. Kowane daji da masu shi. Zo ki zauna."

Ban kai ga zama ba dutse ya faɗo a gabana. Ɗan ƙarami. Wani ya biyo, ya bugi bayan motar, ƙarar ta zagaye rafin ta dawo. Na duba sama, ban ga kowa ba, rana tana cikin idona.

Gwaggo ta ce a hankali, "A'uzu billahi. Jifa ne. Kada ki waiga, kada ki tanka. In muka yi sallah za su ƙyale mu." Ta jawo buta ta fara alwala.

Na uku ya same ni a kafaɗa. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Wallahi ko aljani ne sai ya gaya mini dalili." Gwaggo tana kira, na riga na kama gaɓa. Na manta da 'yan sintiri, na manta da jirgin Najeriya. Na hau da hannu da ƙafa, duwatsu suna zamewa, ina haɗa zagin da zan yi.

A sama mace na tarar. Baƙauyiyar Balarabiya, makiyayiya, baƙin kaya har ƙasa, fuska a rufe sai idanu. Awakinta sun dunƙule a bayanta, ko ɗaya ba ya kuka. Dutse na hannunta. Kafin in buɗe baki ta cafke mini hannu, tana magana da sauri da wani Larabci da ban taɓa ji a Jidda ba. Da ta ga ban gane ba, sai ta kama haɓata kamar yarinya, ta juya fuskata wajen bishiyar. Ta nuna mushen. Ta dafa ɗaya daga cikin awakinta. Sannan ta shimfiɗa hannu ta ja shi a iska, daga duwatsu zuwa ƙasa, daidai tsayin inda akuyar take.

Iskar ta juya a lokacin. Ta zo da sanyi, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka, ƙamshin da na yi wata da watanni ina kewa. Tare da shi na ji wata ƙara. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san ƙarar jirgin ƙasa tun bai shigo tasha ba, yadda kake fara jin sa a tafin ƙafa kafin kunne. To haka. Amma babu layin dogo a wannan daji.

Babu wanda ya rataye akuyar. Ruwa ne ya ajiye ta.

Ban san yadda na sauko ba, na dai san gwiwoyina sun sha dutse. Gwaggo ta riga ta tayar da kabbarar la'asar, a zaune kan tabarma kamar yadda ta saba saboda ƙafa.

"Gwaggo, ruwa! Tashi!"

Ko gezau. Leɓɓanta suna motsi.

"Gwaggo, don girman Allah!"

Ta sunkuya ruku'u. A tunaninta, na sani, masu jifan ne suke son raba ta da sallarta, kuma sun shigo ta bakina.

A gidanmu ko gaban mai sallah ba a gilmawa, balle a taɓa babba yana ganawa da Ubangijinsa. Na tsaya kamar na ƙiftawar ido. Sai na ga abin ya shawo kwana. Ba kamar yadda na zata ba. Wani siririn harshe ne mai kumfa, launin kunun kanwa, yana tura ƙirare da kashin awaki a gabansa, yana tafe a hankali kamar maciji mai neman rami. Ya zo ya cika ramin da Gwaggo ta tona, ya wuce. Ƙarar kuwa tana bayansa.

Na warware mayafina. Na durƙusa a gabanta na ba ta baya, na kamo hannuwanta na ɗora a kafaɗata, na ja. Ta ce, "Subhanallahi! Subhanallahi!" tana dukan ƙeyata.

Na ce, "Ki ƙarasa a bayana. Wanda kike wa sallar shi ya aiko ruwan, ya san da zuwansa."

Na yi mata goyo, na ɗaure mayafin a ƙirji kamar yadda ake wa jariri. Ban taɓa sanin tsohuwa tana da nauyi haka ba. Ruwan ya kama idon sawuna, sanyi kamar ƙanƙara. Taku kaɗan ya kai ƙwauri, yana jan yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Gwaggo ta daina dukana. Ta riƙe wuyana har numfashina yana yankewa, bakinta a kunnena, ta ce da wata ƙaramar murya, "Sauke ni, Hansatu. Ke ki hau."

Ranar ce kaɗai ta kira sunana.

Na ce, "Ki yi mini shiru, Gwaggo."

Na kama gaɓa, ta zame. Na sake kamawa. Sai igiya ta faɗo a fuskata, igiyar ɗaure awaki, mai warin bunsuru. Na naɗa a hannu. Matar nan tana ja, ni ina rarrafe, fatar hannuna tana saɓulewa. Mun kai kamar rabi sai uwar ruwan ta iso. Ban waiga ba. Na dai ji gaɓar tana rawa a cikina, duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashin ruwa kamar ana daka a turmi dubu, laka tana fantsamo mana a baya.

Da muka zube a sama na juya. Rafin da muka zauna babu shi. Wani jan gulbi ne yake gudu da itatuwa. Motar Bakur ta ɗaga a hankali, ta juya kamar mai neman hanya, ta kifa, ta tafi da akwatina da takardar sakandarena da komai. Bishiyar ƙayar sai kanta kawai ake gani.

Rana kuwa tana nan a kanmu. Sama fes. Gwaggo ba ta yi kuskure ba, ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta ce, "Namu gulbin yana sallama kafin ya shigo." Ta yi taimama, ta fuskanci inda matar ta nuna mata, ta sake la'asar tun daga farko. Da ta sallame ta harare ni. "Kin ja ni kamar buhun gero."

Mun yi ta kiran Bakur har muryata ta dushe. Duwatsu ne kawai suke mayar mana da sunan. 'Yan sintirin da aka tsorata mu da su, ko ƙurarsu ba mu gani ba. Daga baya an ce an ga motar can ƙasa, yashi ya binne ta har gilashi. Shi ba a gan shi ba. Wasu a Bab Makka sun ce ya tsira, ya gudu ne don tsoron mai motar, tunda ba tasa ba ce. Ina so in yarda da su. Amma na ga yadda ya duba hadarin nan, ya duba agogo, kuma na ga inda ya bi.

Matar ta kai mu tantinta na gashin akuya, Gwaggo a kan jaki. Ta ba mu madara mai ɗumi da dabino, ta shafa wa Gwaggo mai a gwiwa, ta ɗaure mini hannu da tsumma. Har muka rabu ba mu san sunanta ba. Gwaggo kuwa, Mai Jifa take ce mata, ita kuma ta yi ta dariya ba tare da ta san me aka ce ba. Mijin matar ne ya samo mana motar jigilar 'ya'yan rumman da ta kai mu Ɗa'ifa, Gwaggo ta ga ɗakin, ta gaisa da masu gida, kamar yadda ta ce.

Amma kafin nan, da safe, hanyarmu ta sake bi ta bakin rafin. Ruwan ya tafi. Yashi ya kwanta sumul kamar an share, fari, da inuwa mai daɗi a gindin gaɓa. Wallahi duk wanda ya gaji da tafiya ya gan shi, sai ya so ya sauka ya miƙe ƙafa.

Akuyar babu ita a kan bishiya, ruwa ya wuce da ita. A wurinta, can sama, tabarmar Gwaggo ce ta naɗe a jikin reshe, ratsin ja da kore suna leƙowa ta cikin laka.

Tabarmar nan daga gida ta zo da ita. A kanta mijinta ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Na tattare zane na ce, "Bari in sauka in zaƙulo ta da sanda."

Gwaggo ta riƙe ni daga kan jakin.

"Bar ta."

"Gwaggo, tabarmarki ce fa."

"Na sani. Akuya ta yi mana magana ba mu ji ba, don ba yarenmu take ba. Wani direban zai sake kawo wasu namu nan, ya ce su zauna a inuwa. In suka ɗaga kai suka ga saƙar gida a can sama, za su tambayi kansu wace Bahaushiya ce ta hau ƙaya ta yi sallah."

Ta gyara ɗankwali, ta zunguri jakin da dunduniya. Na tsaya ina kallon tabarmar tana ɗan motsi, alhali babu iska. Can saman duwatsu wani hadarin ya fara haɗuwa.